Ranar da Na Ce wa Mai Gadi Sata Nake Yi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba.

Ban daɗe da zuwa Agege daga Funtuwa ba, matar yayana, Anti Rabi, ta ce in raka ta wani babban kantin kayan sawa. A cikin danfo, motar hayar Legas, ta gargaɗe ni: "Ma'aikatansu akwai naci. In sun tambaye ki, ki ce window shopping kike yi, wato kallo kawai." Na ce haba Anti, ai na gama sakandare. (Baki ne kawai.)

Muna shiga ta tafi gwada riga, ta bar ni gaban jakunkuna. Ina cikin shafa wata ja, sai ga mai gadi, ƙato, da sanda a hannu. Ya tambaye ni da Turanci me nake nema. Kalmar ta gudu! Na dai tuna akwai "shop" a ciki, sai na cafko wadda ta fara zuwa, har da murmushi:

"I am just shoplifting, sir."

Ya ce in maimaita. Na zaci muryata ce bai ji ba, na ƙara ɗaga ta. (Ashe sanarwa nake yi cewa sata nake a kantin.)

Wata mata ta ƙwala ihu, "Ole!" Wannan Yarabancin kam na sani: ɓarawo. Na kuma ji abin da ake yi wa wanda aka yi wa wannan ihun a Legas. Aka rufe ƙofa, mutane suka zagaye ni, wani har ya ɗaga waya zai ɗauka. Ba abin da nake sai salati. Aka zazzage jakata a ƙasa: carbi, man leɓe, da rabin burodin da na ɓoye tun safe.

Sai ga Anti Rabi a guje, ɗankwali a hannu, tana zuba musu Yarabanci kamar an buɗe famfo. Da aka gane, mai gadin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa ta juyo kaina: "Ke yarinyar nan, da sun taɓa ki me zan ce wa yayanki? Window na ce miki, window!"

Tun ranar, in kalmar Turanci ta kuɓuce mini ba na aron maƙwabciyarta. Bakina nake kamawa, in nuna idona, in nuna kaya. Gara a ce bebiya ce ta shigo kanti da a ce ɓarauniya.