Ɗakin da Na Zaɓa wa Inna a Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kai Innata teku ba, ko da na so in manta ɗin, don har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Farkon shekarun casa'in ne, muna zaune a unguwar Deptford ta London, a hawa na uku na wani gidan kansil, irin na hayar hukuma, maigidana yana aiki a gidan rediyo. Inna ta zo mana daga Funtuwa za ta yi wata uku. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta kuma taɓa cewa ga abin da take so a gidana. In na tambaye ta abinci ya yi, sai ta ce "Alhamdu lillahi" ko da gishiri ya yi masa yawa.

Sati biyu da zuwanta ta fara tari. Tari mai sarƙe ƙirji, wanda in ya taso mata da yamma sai ta dafa bango. Hankalina ya tashi matuƙa, don ni na matsa aka kawo ta, ni na yi wa ƙannena alkawarin za ta koma musu da ƙiba. Ban ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. London ta lokacin taba ce ko'ina: a tashar bas, a shagon shayi, a matakalar gidanmu, ga maƙwabcinmu na ƙasa da ke busa ta ta taga tun safe. Na zama 'yar sandan hayaƙi. In na ga mutum da kara a baki sai in toshe hanci da gefen mayafi yadda zai gani (kuma ina tabbatarwa ya gani).

Da likitan unguwa ya ce Inna tana buƙatar iska mai tsabta, maigidana ya zo da wata takardar talla: jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mako guda, daga tashar jiragen ruwa ta Tilbury zuwa ƙasar Norway a dawo. Shi ba zai samu hutu ba, ni da Inna za mu je. Na ce to, amma da sharaɗi, ni zan zaɓi ɗakin da hannuna.

Sau uku ina zuwa shagon masu yankan tikiti a babban titin Deptford. Baturiyar da ke wurin ta shimfiɗa mini taswirar jirgin, hawa-hawa, ɗaki-ɗaki, kowane da lambarsa. Na ɗauko jan biro. Duk inda aka rubuta mashaya na zagaye, wurin caca na zagaye, zauren rawa na zagaye. Ta ce mini a manyan zaurukan ɓangaren hagu ne na masu shan taba, na soke hagu gaba ɗaya. Ta ce in jirgi yana tafiya iska baya take kai hayaƙi, na soke baya. Na tambaye ta ko wanda ya kwana a ɗakin kafin mu mashayin taba ne. Ta cire tabarau ta ce wannan kam sai Allah. A zuwa na uku har lacca na yi mata a kan mutanen da ba sa tunanin ƙirjin wasu, tana gyaɗa kai tana kallon agogo.

Da na koma gida da taswirar duk ta yi ja, maigidana ya duba ya ce, "Ke, kin yi booking ɗin nan kuwa, ko jirgin za ki saya?"

Na ce, "Na yi. Gaba, hannun dama, hawa biyu tsakaninmu da mashaya. Ko ƙamshin ashana ba zai iso wa Inna ba."

Ranar tafiya muka hau jirgin ƙasa zuwa Tilbury. Muna fitowa daga zauren fasinjoji muka ga wani farin bango ya tare sama, tagogi jere a kai har ido ya gaji. Inna ta tsaya cak. Ta tambayi maigidana, wanda ya rako mu, ina jirgin yake. Ya ce ai shi ne wannan. Ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Wannan unguwa guda, a kan ruwa take tsaye?" Ni kaina da nake taƙamar shekara shida a London bakina a buɗe yake. A ciki akwai lif, akwai kantuna, akwai asibiti, akwai matakala mai shimfiɗar jan kafet wadda mutum shida za su jera su hau. A can sama kuma akwai tafkin wanka. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Ruwa a cikin jirgi, jirgi a cikin ruwa. Allah ɗaya ne."

Da aka tashi, ko motsi ba mu ji ba, sai dai muka ga gari yana ja da baya. Kogin Tems ya yi ta faɗi, gaɓa ta yi ta nisa, har aka kai inda duk inda ka juya ruwa ne ya haɗe da sama. Matar da babban ruwan da ta sani shi ne madatsar Mairuwa ta riƙe ƙarfen bakin jirgi da hannu ɗaya, carbi a ɗayan, tana ja ba ƙaƙƙautawa. Na tsaya a bayanta ina jin wani irin tsoro mai daɗi. Ban taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba.

Ɗakinmu ya fito yadda na tsara, gadaje biyu, da 'yar taga mai zagaye wadda ba a buɗe ta. Abu ɗaya ne taswira ba ta nuna mini ba, wato maƙwabcinmu. Wani tsohon Bature ne mai farin gashin baki, da lofe a bakinsa. Ina ganinsa a lungu na tare shi. Na ce masa mahaifiyata ba ta da lafiyar ƙirji, na sha wahala kafin in zaɓi ɗakin nan, kuma ba zan lamunta ba. Ya cire lofen ya nuna mini cikinsa, babu wuta, babu taba. Ya ce a can bayan jirgi kaɗai yake kunna shi, a nan tsotsa kawai yake yi don sabo. Na ce ina dai sa ido. (Allah ya yafe mini, har da ɗaga yatsa.)

Kwana biyu Inna ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ina ta yaba wa kaina da jan birona.

Safiyar rana ta uku muka shiga tsakanin duwatsun Norway. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Teku ce ta kutsa cikin ƙasa kamar lungu, duwatsu sun miƙe dama da hagu, sun fi jirgin namu tsawo nesa ba kusa ba, har jirgin da na ce unguwa ne ya koma kamar ƙwarya a rafi. Ruwa yana zubowa fari fat daga ƙololuwarsu, a samansu ga ƙanƙara, alhali lokacin zafi ne. Ɗaruruwan mutane a saman jirgi, amma shiru, sai ƙarar kyamara jefi-jefi. Inna ta daina jan carbin ma, hawaye kawai ke bin kumatunta. Na ga iska tana kaɗa ta, na ce bari in sauka in ɗauko mata mayafi mai kauri.

Ina shiga ɗaki, hancin nan nawa na 'yar sanda ya kamo wani abu. Na shinshina labule. Tsohon warin taba ne, na wani bawan Allah da ya sauka tun tuni. Raina ya ɓaci. Sai na tuna ina da magani a akwati: ɗan kaskona, da gawayin nan mai saurin kamawa da nake saye a unguwar Whitechapel, da kwalbar turaren wuta na Maiduguri, mai kyan, wanda tun zuwan Inna nake sa mata kullum bayan magariba don girmamawa. Kwana biyun nan ruɗun jirgi ne ya mantar da ni. Na kunna gawayi biyu, na zuba turare da hannu sake, na baza mayafan Inna a kan kujera. Na ja ƙofa na rufe gam don ƙamshi ya kama. A lissafina wannan ba hayaƙi ba ne, turare ne. Akwai wani ɗan farin faifai manne a silin, na ɗauka ado ne, ban san na'urar gano hayaƙi ba ce.

Ban fi minti biyar da komawa sama ba aka yi wata sanarwa a lasifika, da wasu kalmomi da ban gane ba. Nan take na ga abin da ya ƙara burge ni. Ma'aikatan da ke raba shayi suka ajiye faranti, wasu suka ɓullo ta ƙofofin da ban san da su ba, sanye da manyan riguna da hulunan kwano, da tukwanen kashe gobara a hannu, kowa ya san inda za shi, babu ihu babu turereniya. Na ce wa Inna, "Kin gani ko? Mashayan tabar nan sun ja mana. Wani ya yar da guntu a kan katifa." Na ce bari in je in ga ko waye. Gaskiya so nake in ga maƙwabcina an kama shi.

Na bi su. Suka sauka hawa biyu, na sauka. Suka yi gaba, na yi gaba. Suka karya hannun dama. A nan na ga lungunmu ne, kuma gaba ɗaya ƙamshin gidan amarya yake yi.

A ƙofarmu suka tsaya. Wani ya taɓa ta da bayan hannu, ya sa mabuɗi, ya tura. Hayaƙi ya turnuƙo shuɗi, mai kauri. Mutum biyu suka kutsa da tukwane, na ji fuuu, sannan ɗaya ya fito riƙe da kaskona a cikin safar hannu, nesa da jikinsa, duk ya yi fari da kumfa. Babban jami'insu ya juyo ya ce ɗakin wane ne wannan. Maƙwabta duk sun leƙo. Tsohon Baturen yana tsaye a ƙofarsa, da muka haɗa ido sai ya cire lofensa mara wuta ya ɓoye a bayansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Na ce, "It's perfume." Jami'in ya dubi garwashin, ya dube ni, ya ce a tsakiyar teku babu abin da suke tsoro kamar wuta, kuma kyaftin yana da ikon sauke ni a tasha ta gaba. Ina cikin ba shi haƙuri na ji tari a bayana. Inna ce, ta biyo ni a hankali, ta shigo lungun. Tarin ya sarƙe ta har ta durƙusa.

Aka kai ta asibitin jirgin, aka sa mata abin shaƙa, numfashinta ya dawo. Likitan, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce in fassara masa. Ya tambaya ko tana tarin nan a gida. Inna ta ce tana yi. Ya ce da wane lokaci. Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Ya sake tambaya, ya ce yana da muhimmanci. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki ce masa bayan magariba. In an sa turare."

Na tsaya. Likita yana jira, biro a hannu. Babu wani mai jin Hausa a jirgin nan kaf sai ni, kuma na rantse shaiɗan ya raya mini in ce masa ta ce taba. Amma ƙirjin uwata ne. Da bakina, da Turancin da na yi ta yi wa mutane lacca da shi, na gaya masa cewa mahaifiyata tana tari ne duk lokacin da na yi mata turare. Ya rubuta. Ya tambaya tun yaushe, na ce wata biyu. Ya rubuta wannan ma.

Ba a sauke mu ba. An sa ni sa hannu a wata takarda, an riƙe kasko da gawayi har sai mun koma Tilbury, an canza mana ɗaki saboda kumfa. Sabon ɗakin yana baya, hannun hagu, ƙarƙashin mashaya. Inna ta kwana huɗu a cikinsa lafiya ƙalau.

Da la'asar ranar da abin ya faru muka koma sama, jirgi yana juyawa a hankali a gindin wani dutse da ba a ganin ƙarshensa. Na daure na ce, "Inna, wata biyu kina shan wahala, me ya hana ki faɗa?"

Ta daɗe tana kallon ruwan da ke zubowa daga dutsen. Sannan ta ce, "Na ga don ni ake yi."

Na yi kuka sosai a wurin, Turawa suka ɗauka kyan duwatsu ne ya taɓa ni, wata ma ta dafa kafaɗata ta ce ita ma haka ta ji. Tun daga ranar, in zan kare wani daga cuta, nakan fara tambayarsa abin da ke cutarsa, in kuma mai kunyata ne, in tambaya sau uku. Yawanci ina fargabar amsar, don na gane ba wuya ta zama ni ce.