Ranar da Ciyaman Ya Fita a Ƙafa

Ba kowace unguwa ce ke dace da mutumin da zai ɗauke ta a kansa ba tare da ta roƙe shi ba. Tsohuwar unguwar da ke manne da tsakiyar birni ta yi wannan dacen, domin ita ce ta samu Ciyaman.

Ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. Wasu sun ce an yi taro, wasu sun ce shi kaɗai ne taron. Abin da aka tabbatar shi ne ya yi ritaya daga kamfanin inshora, ya sa aka sassaƙa masa hatimi, ya buga takardu masu ɗauke da sunan Ƙungiyar Kare Tarihin Unguwa, daga nan kuma ko matarsa Ciyaman take ce masa idan da baƙi a falo. Mai aski na kiransa Uban Tarihi. Mai kantin magani na kiransa Kundin Unguwa. Shi kuwa duk yana amsawa da ɗan sunkuyar da kai, irin na mutumin da yabo ya gajiyar.

Ya kuwa san tarihi. Ya san shekarar da aka shimfiɗa duwatsun babban titi, ya san magabatan da suka gina hasumiyar agogo, ya san dalilin da ya sa agogon ke latti da minti huɗu, ko da yake dalilin yakan canja gwargwadon girman mai sauraro. Amma fagen da ya fi shahara a kai shi ne tafiya a ƙafa. A kanta ya yi jawabi sau goma sha ɗaya.

"Jama'a," yakan ce, hannunsa ɗaya a ƙirji, "ƙafa ita ce abin hawa na farko da ɗan Adam ya mallaka. Ba ta shan mai, ba ta neman wurin ajiyewa. A unguwarmu, daga gindin hasumiyar agogo zuwa duk abin da rai ke buƙata, minti goma ne a ƙafa. Makaranta, asibiti, kasuwa, har tashar bas ta tsakiyar birni. Wanda bai taka duwatsun nan ba, bai san daɗin zaman birni ba."

Idan ya gama a tafa masa, sai ya shiga motarsa ya koma gida. Daga zauren taro zuwa ƙofarsa gidaje shida ne.

Motar doguwa ce, ruwan toka, faɗinta saura kaɗan ya kai na titin. Idan ta kunno kai, mai sayar da furanni sai ta janye bokitanta, masu shan shayi a bakin kanti su ɗage kujeru su manne da bango. A unguwa Takalmin Ciyaman ake kiranta. A cikinta yake zuwa sayen burodi, a cikinta yake zuwa aski, alhali daga barandarsa yana iya ganin ko mai askin ya buɗe. Ba lalaci ba ne, kamar yadda shi da kansa ya bayyana: shugaba ba ya isa wuri yana gumi.

Ana nan sai hukumar birni ta yanke shawarar faɗaɗa babban titi. Wata safiya aka wayi gari da jan fentin alamar rushewa a bango: jerin kantunan nan masu ƙofofi lanƙwasassu kamar baka, gidan burodi da tsohon tandansa, da gaban gidan Ciyaman haɗe da barandar da yake tsayawa ya duba talakawansa. Ciyaman ya rubuta wasiƙa mai shafi tara. Amsar hukuma layi biyar ce. Kwamiti zai zo ranar Talata, kuma magana ɗaya kawai zai gwada daga cikin wasiƙar, wato maganar minti goma. Idan ta tabbata, za a sa unguwar cikin wuraren tarihi, a soke aikin titi. Idan ba ta tabbata ba, katafila za ta shigo.

Mai gidan burodi, wanda tandansa ya girmi kakansa, ya ba da shawara cikin ladabi cewa a bar mai raba wasiƙu ya jagoranci baƙin, tunda shekara ashirin yana zaga unguwar. Ciyaman ya dube shi da tausayi, ya fahimtar da shi cewa hukuma ba wasiƙa za ta zo karɓa ba, ilimi za ta zo nema.

Ranar Talata wajen karin kumallo, matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa, ta tambaye shi ta ina zai bi da su zuwa tasha. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana zuwa tashar nan.

"Da ƙafa?" in ji ta.

Ya ce hanya ai hanya ce. Ta ƙara masa shayi.

Ya fito cikin sabon takalmin kambas fari fat, da malafa, da sanda mai kan tagulla. Baƙi uku ne: wata siririyar Injiniya mai agogon auna lokaci rataye a wuya, wani dattijo mai kyamara, da magatakarda mai tumbi rungume da fayil. Jawabin maraba ya ci minti ashirin. Injiniya ta jira har ya kai ƙarshe, ta ce a fara da tasha, ta danna agogonta.

Daga gindin hasumiyar ana jin ƙahon bas-bas daga gabas. Ciyaman ya nufi yamma. Dalilinsa mai ƙarfi ne: babban titi hanya ɗaya ce, motoci yamma suke yi. Ya kama gefen da mota ke bi, baƙi na biye da shi a jere. Da suka zo kwanar farko ya miƙa hannun hagu waje, ya ɗan rage sauri, sannan ya karya.

A gaban kantin magani dattijon ya nuna wata 'yar hanya da ta miƙe gabas sak, ya tambaya ko ba nan ya fi kusa ba. Ciyaman ya nuna masa jan allon da ke bakinta da kan sandarsa.

"Yallaɓai, an hana shiga ta nan. Ni ban taɓa karya doka ba, balle yau a gaban hukuma."

Yana rufe baki wata mata ta shige ta gabansu da keken jariri, bayanta wani tsoho da karensa. Ciyaman ya girgiza kai, ya ce wa magatakarda ya rubuta cewa ƙungiya na sane da wannan matsalar.

A minti na goma sha biyu sun bar unguwar gaba ɗaya, suna bakin babbar hanya inda manyan motoci ke busa musu iska a fuska. Sun zaga shataletale cif, ta ɓangaren da doka ta ce. Magatakarda ya fara fifita da fayil. Sabon takalmi ya fara cin dunduniyar Uban Tarihi, amma bai fasa bayani ba. Ya ce wannan zagayen yana ba mai ziyara damar ganin unguwar daga nesa, kamar yadda ake ja da baya a kalli zane.

A minti na ashirin da biyar suka tarar an tona hanya ana gyaran bututun ruwa. Da a mota yake, da baya zai yi ya sake zagayowa. Da ya dubi fuskar Injiniya sai ya ga babu wurin yin baya. Ya miƙa hannun dama, ya faɗa wani lungu.

Lungun ya haifi wani, wancan ma ya haifi biyu. Bangaye ne da bai taɓa gani ba, da tagogi masu tukwanen furanni, da igiyoyin shanya. Ya dafa wata katanga ya sanar cewa shekararta ɗari biyu. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce mijinta ne ya gina ta, kuma har yanzu yana ciki yana barcin hantsi. Suka wuce wata shuɗiyar ƙofa. Bayan minti shida suka sake wuce ta. Injiniya ta rubuta wani abu gajere.

Da suka zo ƙofar a karo na uku, Ciyaman ya zauna a kan dakalinta. Agogo ya ce minti arba'in da ɗaya. Tandan mai burodi ya faɗo masa a rai, da kantunan, da barandar, sai ya ji dunduniyar ma ta daina zafi.

A nan Malama ta same su, da jakar cefane a hannu. Shekara tara ke nan, tun rasuwar 'yarsu, take fita kowace safiya a ƙafa. Da farko hanyar da yarinyar ke bi zuwa makaranta kawai take bi, daga baya ta bi sauran. A shekarar ce shi kuma ya kafa ƙungiya. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Ta gaida baƙin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi mijinta ta ce ya ɗan matsa, tana son ajiye cefane. Ta zaro mabuɗi ta buɗe shuɗiyar ƙofar. Ƙofar bayan gidansa ce. Shi ya biya aka yi mata fenti, amma daga ciki ya duba aikin.

Da ta fito, ta ce wa Injiniya a natse, Ciyaman ya nuna musu hanyar mota ne don su ga wahalarta da idonsu; idan sun yarda, yanzu sai a koma hasumiya a gwada ta ƙafa. Injiniya ta dube ta, ta dubi mutumin da ke kan dakali yana sassauta igiyar takalmi, ta mai da agogonta sifiri.

Hasumiyar minti biyu ce daga nan. Daga gindinta Malama ta shige kai tsaye cikin shagon kafinta. Ciyaman ya buɗe baki zai ce ba sayayya aka zo ba, sai ya ga shagon ƙofa biyu gare shi, kuma tun zamanin mahaifin kafintan mutane ke ratsawa. Kafintan ya ɗaga katakon da yake gogewa suka wuce ta ƙarƙashi, ko kai bai ɗago ba. Suka ratsa wani tsakar gida mai bishiya ɗaya, suka sauka matakala goma sha huɗu a gefen ɗakin karatu, suka bi ta bayan gidan burodi inda bango ke da ɗumi kamar jikin mutum. Suka fita ta wata ƙofa mai baka, sai ga bas-bas a gabansu. Minti bakwai da daƙiƙa goma. Makaranta huɗu. Asibiti shida. Kasuwa biyar, har da tsayawa gaisuwa.

Ciyaman na can baya yana ɗingishi, yana shaida wa magatakarda cewa wannan shi ne kashi na biyu na shirin da ya tsara.

Bayan mako uku rahoto ya iso. Ciyaman ya kira taro, ya ɓalle ambulan a gaban jama'a, domin bai ga dalilin karanta yabonsa a ɓoye ba. An sa unguwar cikin wuraren tarihi. An soke aikin titi. Zauren ya ɗauki tafi, mai gidan burodi ya share ido da gefen rigar aikinsa. Ciyaman ya ɗaga hannu a yi shiru, domin ya hango sunansa a sakin layi na gaba.

"Kwamiti na miƙa godiya ta musamman ga Ciyaman," ya karanta da murya mai amo, "wanda ya nuna mana a aikace cewa tafiyar minti bakwai takan zama arba'in da ɗaya ga mai bin hanyar mota. Saboda wannan hujja tasa, kwamiti ya amince a rufe babban titi ga dukkan motoci." Muryar ta ɗan ragu. "Mazauna unguwa za su riƙa ajiye motocinsu a filin da ke bayan tashar bas."

Tafin da ya biyo baya ya fi na farko. Mai sayar da furanni har tsaye ta miƙe. Washegari ya rubuta wa hukuma cewa a keɓe motar ofishin ƙungiya daga dokar. Amsar layi ɗaya ce: ba su san ƙungiyar na da ofishi ba.

Ranar Litinin da safe ya fita da motar, ma'aikata suka kafa turakun ƙarfe a bayansa. Da la'asar ya ajiye ta a bayan tasha, ya gyara malafa, ya juyo wajen unguwarsa. Ƙofofi uku ne masu baka a jere a jikin bango, kowace da lungunta, kowace kamar 'yar'uwarta. Ya tsaya yana nazarinsu da hannu a baya, kamar mai duba ingancin gini. Da nazarin ya yi tsawo, sai ya matsa wajen mai sayar da jarida, ya yi gyaran murya, ya ce ƙungiya na tattara bayanai, tana son sanin ta wace hanya baƙi suka fi bi idan za su gidan Ciyaman.

Mai jarida ya ajiye abin da yake karantawa, ya nuna da haɓa.

"Ka ga Malama can ta shiga ta tsakiya? Bi bayanta, ranka ya daɗe. Amma ka ɗaga ƙafa, ba ta jiran kowa."