Makullin Haɓo

"…lafiya lau na tashi, ba don halinka ba. Wane irin jika ne zai kawo kakarsa a kulle ta a kabad?"

"Oma, gado ne mai ƙofa. Gadon tarihi. Daga Japan mutane suke zuwa su kwana a cikinsa."

"To su kwana. Ni a irinsa aka haife ni, mu huɗu a ciki har da kyanwa, kuma ban ga wanda ya taso daga Japan ya ɗauke mu hoto ba."

Ina tsaye da butar kofi jika da kaka suka soma. Sunana Hilde. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ni da mijina muka sayi tsohon gidan gonar nan na bayan garin Hoorn a ƙasar Holland, muka mai da shi masauki mai ɗaki biyar, kwana da karin kumallo. Ni ba na sauraren hirar baƙi. Kunnuwana ne dai ba su da murfi.

Dogon saurayin nan Wessel na riga na san shi. Shi da budurwarsa Renske sun zo sun kama gidan don bikinsu a watan Mayu, saboda a nan aka haifi kakansa, marigayi Siem. Amma kakarsa Oma Aafje, matar marigayin, wadda ta raine shi tun yana ɗan shekara shida, ta ce in dai a gidan nan ne, a sha biki lafiya, ita tana ɗakinta. Dalili kuwa ta ƙi faɗa. Shi ne ya lallaɓo ta da sunan kyautar cika shekara tamanin da huɗu, ko zai gano abin da ke cinta. Ya gaya min da bakinsa cewa in ba ta zuwa, bai san yadda zai tsaya gaban mutane ba. Ranar ce kuma ta ƙarshe da na yi alkawarin riƙe masa gurbin bikin.

Ta ɗaga ƙwan da na ajiye mata, tana juya shi. "Wannan kuma wa ya saƙa masa hula?"

"Don kada ya huce ne," in ji Wessel.

"Ikon Allah. Ƙwai da hula, jikana da sanƙo a waje. Yarinya, ba ki da babba? Ki taimaka masa kafin Mayu."

"Sanƙon gado ne, Oma. Na kakana ne."

"Shi sai da ya haifi 'ya'ya uku ya soma. Kai ko mata ba ka kawo ba, kai ya riga ya yi ritaya."

"Ai ke kika hana ni kawo ta. Kishi kike yi."

"Da wa? Da wannan baiwar Allah? Tausayinta nake ji. Za ta auri mutumin da sai ya kalli waya kafin ya dafa dankali!"

"Ke kuma kullum sai kin dafa shi har ya nemi gafara."

"Da shi ka yi wannan tsawon banzan. Miƙo cukun nan, tsohon, ba wannan mai kama da sabulu ba."

Na zuba mata kofi. Tun jiya na lura da abu biyu. Da suka iso, ba ta tambayi hanya ba, kai tsaye ta zagaya ta ƙofar gefe, wadda a da shanu ke bi. Yanzu kuma ta ja kujerarta ta juya wa babban hoton bangon baya. Wessel ma ya lura.

"Oma, me matar hoton ta yi miki? Uwar kakana ce fa."

"Hasken taga ne ke damun idona."

"Tagar tana gabanki."

"To ita ce ke damun ƙeyata. Ci abincinka."

Ya ƙifta min ido, ya ce, "Hilde, ba ta labarin ƙofar mana. Oma na son tatsuniya."

Abin da nake jira ke nan. Duk baƙon da ya kwana a gidana sai ya ji labarin nan, ko yana so ko ba ya so. Na nuna koriyar ƙofar gaba, mai zanen furanni a sama, wadda ba ta da mariƙi daga waje. Kowa a yankinmu ya san sau biyu ake buɗe wa mace irinta: ranar da ta shigo amarya, da ranar da za a fitar da ita a akwati. Tamu kuwa ta fi shekara sittin a kulle, makullin ya ɓace, masu kula da gidajen tarihi kuma sun hana a fasa kubar.

Na rage murya kamar yadda na saba. "An ce wani matuƙin jirgin ruwa ne ya nemi 'yar gidan aka hana shi. Shi ne ya sace makullin ya jefa a teku, ya ce tunda ba a buɗe masa ba…"

"Matuƙin jirgi?" Oma ta ajiye cokali. "A nan? Tsakiyar kabeji da kashin shanu?"

"Haka aka ce."

"Wa ya ce?"

Gaskiya wajen wanda ya sayar mana da gidan na ji rabi, sauran ni na ƙara masa gishiri.

"Kyakkyawa ne, matuƙin?"

"An ce kyakkyawa ne," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To madalla, ko banza an yi min adalci a nan."

Wessel ya tsaya da tauna. "An yi wa wa?"

"Na ce an yi masa. Kunnenka ma ya bi gashin?"

"A'a, Oma. Kin san wani abu."

"Na san kofin nan ya fi naka."

"Kin zauna a gidan nan shekara biyu bayan aurenku. Yaya makullin yake?"

"Ina na sani? Ni mai gadi ce?"

Ni ma abin ya fara cina. Na ce ai ga shi can a hoton, rataye a ƙusa kusa da agogo, bayan kafaɗar tsohuwar. Wessel ya tashi ya je ya kafa hanci a gilashin. Makulli ne dogo, ya kai tafin hannu, kansa kamar zuciya, da 'yar tsaga a gefe guda. Ya daɗe yana kallo. Can sai na ga ya kai hannu ƙeyarsa yana shafawa a hankali.

"Oma."

"Ina cin ƙwai."

"Lokacin da nake yaro, in na yi haɓo, me kike ɗora min a ƙeya?"

"Ƙanƙara."

"Ba ƙanƙara ba. Wani ƙaton ƙarfe mai sanyin tsiya. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi."

"Da shi jinin yake tsayawa ko ba ya tsayawa? Mara godiya. Kullum yatsa a hanci, kamar mai haƙar rijiya."

"Da shi kike fasa gyaɗar Kirsimeti. Da shi kika ƙwanƙwashe ni ranar da na saci pankek."

"Pankek uku."

"Oma, ina jakarki?"

Ta janyo jakar kan cinyarta ta rungume. "Taɓa ka gani. In sa a kira 'yan sanda, in ce wani mai sanƙo ya sato ni daga gida ya kulle a kabad."

"Kira su. In ce musu ga matuƙin jirgin da ake nema tun shekara sittin, yana shan kofi da ɗan kunne."

Ni dai butar na ajiye. Shekara goma sha ɗaya ina sayar da matuƙin jirgi, ashe ga shi zaune yana cin cukuna!

Ta dube shi, ta dube ni, ta ja tsaki. Sai ta zuge jakar, ta ture alewar na'ana'a da gilashin karatu, ta fito da shi ta dangwarar a kan farantin burodi. Shi ne, har tsagar.

"Ɓarauniya!" in ji Wessel. "Ɓarauniya ce ta raine ni! Shi ya sa na saci pankek, a jini yake."

"Aro na yi."

"Aro tun yaushe?"

"Tun alif ɗari tara da sittin da uku. Ban gama amfani da shi ba."

Ya ja kujera ya matso kusa da ita. Dariyar ta ragu a fuskarsa. "Me ya faru?"

Ta ɗan jima tana murza hular ƙwan a hannu.

"Ubana ne ke tatsar shanun gidan nan. Ka san wannan. Abin da ba ka sani ba, ranar da muka dawo daga coci ni da Siem, na tsaya a gaban ƙofar can da farar rigata, duk ƙauye na kallo. Waccan da ke bayana ta leƙo ta taga ta ce kubar ta yi tsatsa, makulli ya ƙi juyawa, a zagayo ta gefe. Ta ƙofar shanu na shiga gidan mijina, ina tattare riga kada ta sha kashi. Shekara biyu kafin nan ta buɗe wa matar wansa, 'yar mai injin niƙa, ba tsatsa ba komai."

Ni kam idona ya ciko, ba zan ɓoye ba.

"Washegari ina share ɗakin na gan shi a ƙusa. Na ce to, tunda ya yi tsatsa, bari in adana mata shi."

"Da ta rasu fa?" Wessel ya tambaya. "Ta ina aka…"

"Ka ce ta ina?"

"Oma!"

"An kwana biyu ana nema. An zazzage buhunan gari, an leƙa rijiya. Ga fasto tsaye, ga masu ɗaukar akwati suna duba agogo. Ƙarshe ta gefe aka zagaya da ita. Har wata saniya ta yi mata sallama."

Wessel ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza. "Kakana bai sani ba?"

"Siem? Shi ya riƙe min jakar a jana'izar. Ya ce, 'Aafje, jakar nan da nauyi.' Na ce addu'o'i ne a ciki. Ya ce, 'To riƙe su da kyau.' Har ya mutu bai sake tayar da maganar ba."

"To shi ne ba za ki zo bikina ba? Tsoro kike a kama ki?"

"Wa zai kama ni, duk sun mutu." Ta goge baki da adiko. "Yarinyarka nake tunani. In aka yi a nan, ta gefe za ta shigo da farar riga, ina zaune ina kallo, ga makulli a cinyata. In na fito da shi kuma, sai na faɗi abin da na faɗa yanzu. Ni kuwa ban taɓa faɗa wa kowa an mai da ni ta ƙofar shanu ba. Kunya nake ji, ja'iri, har yau."

Ya ɗauki makullin ya juya shi, ya miƙo min. Sannan ya miƙe ya gyara kwalar rigarsa, ya lanƙwasa mata hannu.

"Tashi, amarya."

"Kai, bar ni in gama ƙwaina."

"Tashi. An bar ki tsaye a waje, kuma ni ne namijin gidan da ya rage."

"Namiji! Da silifas ɗin baƙi a ƙafa?"

"Haka za ki yi haƙuri. Angon asali ya riga mu gidan gaskiya, saura na aro."

"Siem ya fi ka kyau ko a akwati."

Amma ta tashi, har da gyara ɗan kunne. Suka fita ta gefe, ina jin su suna zagayawa, tana ce masa ya rage taku, ba tseren doki ake ba. Na ja labulen da ya rufe ƙofar daga ciki. Duk bazara nakan ɗiga wa kubar mai, don masu duba gidan kan tambaya. Na zura makullin, na murɗa sau ɗaya. Ƙaras!

Ƙofar ta buɗe, iska da hasken safiya suka shigo ta inda ban taɓa ganin sun shigo ba. Oma tana tsaye cikin furannina, ta kafa wa kubar ido.

"Ashe ba tsatsa," ta ce.

Dokin ƙofar yana da tsayi, ba matakala. Kafin ta yi magana Wessel ya sunkuce ta ya tsallako da ita.

"Sauke ni, ɗan banza, za ka karya ni!"

"Kai, Oma, kin yi nauyi. Kayan sata ne?"

"Dankalin da ka raina ne."

Ya dire ta a tsakiyar ɗakin, daidai gaban hoton. Ta ɗaga kai ta dubi surukarta ido cikin ido, ta ce, "Barka da asuba, Mama. Na iso." Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da hular ƙwai.

Na tambaye ta yadda zan yi da matuƙin jirgina. Ta ce in bar shi, ya fi ta farin jini. Wessel kuwa ya tsaya yana murza hannu kamar ɗan makaranta.

"To… Mayu?"

Ta zare makullin daga kubar, ta kamo hannunsa ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Ka buɗe wa yarinyar, kuma ka buɗe tun kafin ta iso. Ni zan zauna a gaba, in ga ko an samo maka hula."

"Na gode, Oma."

"Kada ka gode tukuna. Sau biyu ake buɗe wa mace, yau na karɓi ta farko." Ta daki ƙirjinsa da yatsa. "Ta biyun kuwa, ja'iri, ka nemi kujera ka zauna, don za ka daɗe kana jira."