Kakin Kakana da Zanen Hajiya

Ko da zan manta da lambar gidana, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na shiga gidan ƙanwata a unguwar Small Heath ta Birmingham da gajeren wando, ina da shekara arba'in da shida da tumbina daidai gwargwado. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in fara daga inda haukan ya samo asali.

Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama. Iyakar abin da na taso na sani ke nan. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, ya rasu tun mahaifiyata ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ita kuwa Hajiya ba mai yawan magana ba ce, balle da ni. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kamawa. "Kai" ne sunana a bakinta, in ranar ta yi kyau kuma in zama "wannan yaron". Tana ƙaunata, ban taɓa shakka ba, amma ko kallona ba ta cika yi ba sai ta gefen ido. To ta ina zan fara in ce Hajiya ba ni labarin babanki?

A wurin aikina na injiniya a Manchester akwai wani dattijon Bature, Derek, wanda duk ƙarshen mako yake shiga kayan sojan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi da abokansa sukan kafa tantuna a fili, su dafa shayi a gwangwani, su yi fareti, jama'a su zo da yara su yi kallo su yi tambayoyi. Da farko dariya abin yake ba ni, manya da furfura suna wasan soja. Wata rana muna cin abincin rana na ambaci kakana. Derek ya ajiye kofinsa ya ce yawancin masu zuwa kallon nan ba su ma san 'yan Afirka sun yi yaƙin ba, kuma su ba su taɓa samun wanda zai tsaya a madadinsu ba. Maganar ta tsaya mini a rai har na koma gida.

Shekara uku na yi ina tara kaya. Hula mai faɗin baki da ake naɗe gefenta ɗaya, rigar kaki, ɗamara, gorar ruwa mai warin da sabulu ya kasa, kwanon cin abinci, da dogon ƙyallen nan da ake naɗewa a ƙwauri daga saman takalmi. Na taɓa tuƙin awa biyu cikin ruwan sama saboda maɓallin tagulla guda huɗu. Matata ta leƙa ɗakin da nake ajiyarsu ta ce, "Baban Ilham, wai duk tsumman matattun ƙasar nan a gidanmu na Withington za a jibge su?" 'Yata Ilham kuwa sharaɗi ɗaya ta kafa mini, "Dad, please, ban da bakin school ɗinmu."

Wandon ne ya ba ni wahala. Sojojinmu sun bar gida da gajeren kaki, kuma na asali da na samu ko cinyata ɗaya bai ɗauka ba (mutanen da ba su san shawarma ba). Sai na kai wa wani tela a Moss Side ya kwaikwaya. Sau biyu yana tambayata ko na tabbata da tsayin. Na ce haka littafin Derek ya ce, yatsa huɗu sama da gwiwa. Ya girgiza kai ya yanka.

Ana nan sai Hajiya ta zo Ingila a duba mata ido, ta sauka wajen ƙanwata Zainab a Birmingham, don mijinta likita ne. Na je na gaishe ta da babbar riga kamar mutumin kirki. Mako biyu bayan haka aka sa wasanmu a wani fili kusa da Birmingham, shi ke nan shaiɗan ya ba ni shawara. Zan biya daga filin kai tsaye, cikin kakina, ban gaya wa kowa ba. Na riga na shirya komai a kaina: in buga ƙafa, in sara, Hajiya ta ɗago kai ta ga babanta a bakin ƙofa. In faɗi gaskiya, ba kakana kaɗai nake yi wa ba. So nake ta kalle ni sosai, ido cikin ido, ko sau ɗaya ne.

Dokar filin ita ce ba a riƙe waya, tunda ba ta a zamanin. Tawa tana aljihun jakata a but ɗin motar Derek tun safe, tare da kaftanina da dogon wandona. Da a ce na duba, da na ga saƙon Zainab har uku cewa yau 'yan gari za su zo yi wa Hajiya sannu da zuwa. Derek ya sauke ni a bakin layi, ya ɗaga mini hannu, ya kama hanyar Manchester. Ina tsaye ina gyara hula, ko kusa ban tuna da jakar ba.

Zainab ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni daga hula zuwa gwiwa, ta ce, "Innalillahi. Yaya, are you okay?" A bayanta na hango takalma, layi-layi har kan matakala.

Mai hankali da juyawa zai yi. Ni kuwa sai na ce ai an riga an zo. Matsala ta farko, ba a shiga da takalmi kan kafet ɗin da ake sallah, ga shi takalmin soja ba ya fita sai an warware ƙyallen ƙwauri. Na duƙa a ɗan lungun nan na gidajen Small Heath, wanda mutum biyu ba sa gilmawa, ina warwara kamar mai cire bandeji, gorar ruwa tana bugun bango. Ƙofar falon maza a buɗe take. Likitoci, lauyoyi, ɗalibai, kowa da shaddarsa da hularsa, hira ta tsaya cak.

Wani dattijo da muke kira Alhaji Babba, wanda ya fi kowa daɗewa a garin, ya sauke tabarau ya ce, "A'a, Injiniya. An koma firamare ne?"

"Reenactment ne, Alhaji. Tarihi muke nuna wa mutane."

"To, Allah ya taimaka. Lallai kam an nuna."

Da safa kawai na wuce ɗakin baya inda mata suke. Hajiya tana kan kujera a tsakiya, mata sun kewaye ta. Nan matsala ta biyu ta taso, wadda ban hango ba cikin shekara uku na shiri: soja sarawa yake, ɗa kuma durƙusawa. Hannuna ya tashi rabi, gwiwata ta sauka rabi, na ƙare da wani abu da ba gaisuwa ba kuma ba fareti ba. Da na kai ƙasa wandon ya ƙara hawa sama. Wata ta ja mayafi ta rufe baki.

Hajiya ta dube ni ƙiftawar ido, ta kau da kai wajen taga. "Sannu. An zo lafiya? Ya iyalin?"

Shi ke nan. Ba hawaye, ba tambaya. Na amsa, na miƙe da ƙyar na koma wajen maza na takure a kusurwa, na ɗora hula a kan gwiwoyina. Kunyar mutane daban, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga kamar na zubar wa Hajiya mutunci a gaban baƙinta, kuma a banza.

Sai La'asar ta yi. Aka shimfiɗa dardumai, aka fara sahu. Alhaji Babba ne zai ba da sallah. Ya waiwayo ya dubi gwiwoyina, ko ɗan Islamiyya kuwa ya san hukuncin. Mijin Zainab ya ruga sama ya kawo jallabiyarsa. Shi kuwa Dakta siriri ne kamar sillen kara, jallabiyar ta shiga wuya ta tsaya a ƙirji, ba gaba ba baya, sai da mutum biyu suka taya ni cirewa. Wandonsa ko gwadawa ba mu yi ba. Jama'a suna tsaye suna jirana.

Daga lungu na ji muryar Hajiya. "Kai. Zo nan."

Tana tsaye kusa da kicin, ita kaɗai, riƙe da zanen atamfa mai manyan furanni ruwan ɗorawa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce, "Ɗaga hannunka." Ta zagaya ƙuguna da shi da kanta, ta ja, ta soke. Rabon da Hajiya ta ɗaura mini wani abu a jiki, ban ma da wayon tunawa.

Ba ta ɗago kai ba ta fara magana. "Ni ban taɓa ganin babana da wannan hular da tarkacen nan naka ba. Wandon kawai na sani. Da shi yake zuwa lambu, har ya zama faci kan faci. In La'asar ta gabato sai Inna ta ba ni gwado in kai masa, ya ɗaura ya yi sallah a gindin mangwaro. Ya ce haka suke yi a dajin can, bargo suke ɗaurawa, wasu su tsaya gadi wasu su yi sallah." Ta gyara bakin zanen, ko da yake babu abin gyarawa. "Ɗazu da ka durƙusa, ƙafarsa na gani. Ƙwaurin nan, har 'yar gwamewar. Ka so ka sa ni kuka a gaban mutane."

Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta gefen ido ba, sosai, har sai da ni na sunkuyar da kai. Idonta ya cika, nawa ma haka. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba, ina tsaye da rigar soja a sama da furanni a ƙasa.

"Tafi, ana jiranka," ta ce.

A sahun farko aka buɗa mini wuri, don mugunta. Ina jin kafaɗar na kusa da ni tana girgiza tun kafin kabbara. Bayan sallama Alhaji Babba ya yi addu'a ga iyaye da kakanni, ya ƙara da waɗanda suka je yaƙi suka dawo da waɗanda ba su dawo ba, aka shafa. Kafin in warware zanen wani ɗalibi ya riga ya ɗauki hoto, kuma kafin Magariba matata ta gan shi a Manchester. Ta kira wayar Zainab, na karɓa, ba abin da nake ji sai dariyarta da ta Ilham. Har yau akwai masu kirana Saje Mai Atamfa, ni kuma ina amsawa.

Washegari da safe ina shan shayi, cikin wata rigar sanyi da maƙwabci ya ara mini, Hajiya ta zauna nesa kaɗan ta ci gaba da labari kamar da bango take yi. Yadda ba ya cin shinkafa har ya rasu, wai ya ci rabonsa a can. Yadda yake tashi tsaye in jirgin sama ya wuce. Sunan abokinsa da aka bari a can, wanda yake yi wa sadakar ƙosai duk Juma'a. Ina ta saurare, ina tsoron in yi tari ta fasa.

Abin da na koya bai da yawa. In kana neman kakanka, fara da tambayar wadda ta kai masa gwado, ko da ba ta kama sunanka. In kuma za ka yi wa mahaifiyarka ba-zata ranar Asabar a gidan Bahaushe, ka tafi da dogon wando a hannu.