Kajin da Na Ciyar da Dalma

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

Rijiyar gidan hayarmu a Kakuri tana bayan shagon masu gyaran batir. Na ji a rediyo cewa ƙaiƙayin shinkafa yana tsotse gubar dalma daga ruwa, sai na huda bokiti, na cika shi da ƙaiƙayi, ina tace wa kowa ruwa. Har wa'azin tsafta nake yi musu.

Da ƙaiƙayin ya tsufa, na ga zubarwa asara ce. Na juye wa kajin da maƙwabciyata Mama Ladi take kiwo don Kirsimeti, suka caccake shi tas.

Da suka ji, 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ta ce, "Baba, dalmar da ya tsotse, ina ta tafi?"

Mama Ladi ta ci ɗamara. "Malam, ka cire mana guba a ruwa, ka zuba mana a miya? Allah ya isa!"

Haka suka yi Kirsimeti ba nama. Kajin ba mai yanka su, sai ƙiba suke yi. Kullum zakaran ya yi cara, sai wani ya ƙwala kira: "Injiniya, batirinka ya tashi!"