Yadda Za Ka Rataye Kilt a Kafaɗa Ba Tare da Yayarka Ta Gane Ba

Zo nan, kai da kilt ɗinka, zanen ulun nan da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ke zamewa. Kar ka waiwaya, da kai nake. Na gan ka ranar Lahadi a bakin coci, hannu ɗaya a ƙugu kamar mai ciwon ƙoda, kana tafe kana jan kaya sama. Kwantar da hankalinka. Dabarar da zan koya maka an gwada ta a nan garinmu na bakin teku, a jikin Murdo MacAskill mai gyaran injin kwalekwale, ranar auren 'yarsa Kirsty. Na ba ka tabbaci, in ka bi ta daki-daki, kilt ɗinka ba zai taɓa ƙasa ba. Maganar mutuncinka kuwa, za mu zo kanta.

Mataki na 1: Ka fara rasa ƙugu

Kowa ya san kilt ba ya neman taimako. Ka naɗa, ka ja maɗauran fatar nan na gefe, ya zauna daram. Namiji da ƙugunsa, shi ke nan. Don haka kafin ka shiga wannan harka, ka tabbatar naka ya yi gaba.

Murdo zuciya ce ta ba shi tsoro cikin hunturu. Likita ya raba shi da man shanu, da soyayyen kifi, da wiski, matarsa Ishbel kuma ta tsaya a ƙofar kicin ta ga an bi doka. Kafin bazara mutum ya zube, wuya ya fito zalo-zalo. Ana cikin haka Kirsty ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, a kilt ɗin Kaka nake so ka yi rawa da ni."

Ya ce to tun kafin ya gwada. Kai ma haka za ka yi. Uban kirki ba ya awo kafin alkawari.

Kakan nan kuwa shi ne mahaifin Murdo, marigayi Hector Ƙato, wanda ke ɗaga gungumen icce ya wurga a wasan shekara yana hira da 'yan kallo. Murdo ya naɗa kilt ɗin a ɗaki, ya ja maɗauri har ramin ƙarshe, ya cika ciki da iska. Da ya saki numfashi sai ji ya yi yif, kaya sun taru a idon sawu. Karensa ma tashi ya yi ya bar ɗakin.

Mataki na 2: Kar ka nemi taimakon wadda za ta iya taimakonka

Kana da yaya tela? Madalla. Ka guje ta.

Ta Murdo sunanta Dolina. Ita ta yi jinyar mahaifinsu har ya cika, kuma a akwatinta kilt ɗin yake kwana. Ranar da ta miƙa masa shi, sai da ta riƙe gefe ɗaya ba ta saki ba.

"Ba allura, ba almakashi, ba fil. In na ga ka wulaƙanta shi, Kanada zai tafi wurin ɗan Kawu, ba za ka ƙara ganinsa ba."

"In bai zauna ba fa?"

"Ya zauna a jikin Baba. Ka ci abinci."

Ka gane inda matsalar take. Mafita ɗaya ce ta rage, igiyar kafaɗa mai rataye tufa, amma a garin nan igiyar nan ta wando ce kawai. Hector Ƙato da bakinsa ya taɓa ganin Donnie mai kai wasiƙu ya rataye kilt da ita a wani biki, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wannan mutum ne ko maratayin kaya?" Donnie ya tsufa, ya bar aiki, ya yi jikoki, har yau Maratayi ake ce masa. Yara ma sun ɗauka sunan yanka ne. To ka ce ɗan Hector ne zai saka abin, a cikin kilt ɗin Hector!

Mataki na 3: Ka saya a nesa

Kada ka kuskura ka shiga kantin gari. Mai kantin tare suke waƙa da yayarka a coci, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Hau bas ka tafi birnin Inverness, ka ce za ka sayo kayan inji. A kanti kuma ka ce wa wani abokinka kake saya, mai tsayinka, mai ramarka, bawan Allah yana fama.

Murdo ya tarar baƙaƙe sun ƙare, saura ja. Ja fa, irin na motar kashe gobara. Masu bakin ƙarfe da haƙora, waɗanda ake datsawa a tufa su cije. Ya karɓa ya cusa a ƙasan jaka, ya ɗora gwangwanin man inji a kai.

Ga wata shawara kyauta. In ka juya cikin kilt ɗin za ka datsa, wataƙila ka ci karo da wasu maɓallai a ɓoye ƙarƙashin shafi, gaba da baya, ɗinke da baƙin zare. Ka share su. Mai hankali ba ya tambayar abin da ba a tambaye shi ba. Murdo ya gan su, ya ce, "Tsofaffi da ajiye-ajiye," ya datsa haƙoransa daf da su.

Mataki na 4: Ka binne laifin

Riga a ƙasa, igiya a kanta, falmaran a kan igiya, kwat a kan falmaran. Ka ɓalle kowane maɓalli. Daga yau ba ka da hammata: ba ɗaga hannu, ba miƙa, ba ɗauko wa kowa komai daga saman kabad.

Matarka dole ta sani, don ita za ta datsa maka na baya. Ishbel ta datsa tana dariya har da hawaye, sannan ta miƙo masa gajeren wando.

"Saka wannan a ciki."

"Haba Ishbel. Ba a saka komai a ciki, kin sani. Baba bai taɓa sakawa ba."

"Babanka yana da ƙugu. Kai fa me kake da shi?"

Ya saka. Kai ma ka saka. Al'ada abu ce mai kyau, amma akwai limamin coci a wurin.

Mataki na 5: Ka hana a rungume ka

Ranar biki mutane sai taɓa mutum. Wannan ya buga maka baya, waccan ta kama ka ta ƙanƙame, hannu kuwa yana jin igiya ko ta cikin kwat. Ka riga kowa miƙa hannu, ka sandare gwiwar hannun, ka tsayar da shi can nesa. Za a ce aurar da 'ya ya sa ka girman kai. Bari a ce.

A bakin coci Dolina ta zagaye Murdo kamar mai taya saniya. Ta duba tsayin kilt a gwiwa, ta gyara masa 'yar jakar fatar da ake ratayawa a gaban kilt, ta ɗan ja gefe da yatsa biyu. Kilt ya sauko kaɗan, ya koma sama da kansa.

Ta dube shi. Ya dubi sama.

"Ya zauna," in ji ta.

"Na ci abinci."

"Uhm."

In yayarka ta ce uhm, kar ka amsa. Ka ce ana kiranka.

Mataki na 6: Ka dafu, amma kar ka tuɓe

Nan ne maza ke faɗuwa. Bikin bazara ne, rana ta ƙi faɗuwa, ga 'yan ƙudajen nan masu cizo sun yi dafifi a waje, dole aka rufe tagogin ɗakin taro. An ci miyar sha'ir, an ci naman rago, mai goge da mai akodiyan suka hau dandamali. Rawa biyu aka yi, maza suka fara jefar da kwat a bayan kujeru. Falmaran ya bi. Ango ya naɗe hannun riga, limamin coci ma ya sassauta wuya.

Kai kam ka zauna cif a cikin ulunka. In an tambaya, ka ce sanyi kake ji.

"Sanyi?" in ji Donnie Maratayi, yana fifita da faranti. "Murdo, kai da gumi ke ɗiga daga kunnenka?"

"Na sanyi ne. Likita ya ce haka yake yi."

Ka riƙa jingina komai ga likita. Ba ya nan, ba zai musa ba.

Mataki na 7: Ka yi rawar

Yanzu aka zo ga abin da ya sa ka sha duk wannan wuya. An jeru layi biyu, maza nan, mata nan, za a yi rawar juyi, wadda ake saƙala hannu a wulwula mutum, a jefa shi hannun na gaba har ƙarshen layi. Kirsty ta zo cikin farar rigarta ta ja shi tsakiya.

"Ka shirya, Baba?"

"Tun kafin a haife ki."

Wallahi Murdo ya yi rawa. Kilt ɗin Hector ya buɗe, ya yi fiffike, ya dawo, bai zame ko ɗan yatsa ba. Kirsty tana dariya tana cewa ya yi a hankali, shi kuwa ina, ya manta da zuciya, ya manta da likita. Daɗi ya kama shi irin wanda bai ji ba tun kafin ciwon. Mutane na tafi, ana kiran sunansa.

Abin da ban gaya maka ba tun farko shi ne, layin nan yana da ƙarshe, kuma a ƙarshensa yayarka ke tsaye.

Ya faɗa hannun Dolina fuska jawur, baki buɗe, numfashi na fita da ƙara. Matar da ta yi jinyar uba ta ga haka, me kake so ta zata?

"Zuciyar ce! Ku ba shi iska!"

"Dolina, tsaya, lafiyata ƙal..."

Ta fizge kwat, ta kama falmaran hannu biyu ta yage. Maɓallai suka yi tsalle, ɗaya ya faɗa cikin kofin wani. Ga igiya nan ja, layi biyu, daga kafaɗa har ƙugu. Mai goge ya tsaya. Mai akodiyan ya tsaya, abinsa ya yi wani dogon nishi. Can baya wani ya ce a hankali, "Maratayi."

Mataki na 8: Ka yi shiru

Nan ba ni da wata dabara. Ka tsaya kawai. Murdo ya tsaya, kunya ta rufe shi, ya kasa duban 'yarsa.

"Ƙugun ne, Dolina," ya ce. "Ban kai Baba ba. Ki aika da shi Kanada."

Ita ko kallon igiyar ba ta yi. Ta sunkuya tana duban inda ƙarfen ya ciji tufa.

"Haƙora! Haƙoran ƙarfe a ulun Baba! Kai makaho ne, Murdo? Ba ka ga maɓallan ba?"

"Waɗanne... na ajiyar nan?"

"Ajiyar gidanku! Ni na ɗinka su." Ta miƙe ta fuskance shi. "Shekarunsa na ƙarshe ya fi ka ramewa. Kowace Lahadi ni ke maƙala masa, in ɓalle masa falmaran har wuya. Duk zaman cocin da kuke gani ya miƙe kamar soja, a rataye yake. Ya sa na rantse. Bai ce kar gari ya sani ba. Cewa ya yi, kar Murdo ya gani, yaron nan yana ganin ba abin da ke kayar da ni."

Murdo ya sunkuyar da kai. Hawaye suka bi gumin suka sauko tare.

Dolina ta buɗe jakarta ta zaro wata tsohuwar igiyar kafaɗa, baƙa, fatar bakinta ta yi laushi don amfani.

"Tun da na ga wuyanka na san ba zai zauna ba. Da ita nake yawo yau tun safe. Ga shi ka sa na karya rantsuwa a gaban gari, sakarai. Ishbel, riƙe nan. Kirsty, riƙe can, kar ku saki."

Haka aka yi wa Murdo canji a tsakiyar fili, mata ta riƙe gefe, amarya ta riƙe gefe, yaya tana maƙala maɓalli tana tsaki. Da ta gama ta ja igiyar ta sake ta, tas, a ƙirjinsa.

Sai ga Donnie ya miƙe da sandarsa, ya zo har gabansu, ya dubi baƙar igiyar nan ya daɗe.

"Ta Hector ce?"

"Tasa ce," in ji Dolina.

"A buga kiɗa," ya ce. "Yau ni ma zan yi rawa."

Aka buga. Murdo ya koma farkon layi da 'yarsa, ba kwat, ba falmaran, igiyar ubansa a fili kowa na gani.

A kula

Mai wannan bayani ba ruwansa da falmaran da ya yage, ko ulun da ƙarfe ya tauna, ko sunan da gari zai laƙaba wa jikokinka. Na yi alkawari kilt ba zai taɓa ƙasa ba, kuma bai taɓa ba, kar wanda ya zo min da ƙorafi. In yayarka ta kama ka, ban san ka ba, ban taɓa ganinka a bakin coci ba. In kuma ka juya kilt ɗin babanka ka laluba ka ji maɓallai ƙarƙashin shafi, wannan ba daga wurina ba ne. Ka zauna ka gama kukanka, sannan ka je ka tambayi wadda ta ɗinka su.