Kifin Malama Riskuwa Ya Tafi Sakkwato

Jama'a, jiya na yini da ƙarnin kifi a zanena, amma ko ƙaya ban tsotsa ba.

Ƙawata Malama Riskuwa, wadda muka yi jami'a tare, ta daɗe tana bincike a nan Birnin Kebbi, har ta ƙera wata tanda ta ƙyafe kifi, ya yi watanni ƙwaro bai taɓa shi ba. Sai ga sanarwa: ana kiran masu bincike bita a Argungu, za a koya musu yadda ake fito da ilimi daga ɗaki a kai shi kasuwa. Kai, Allah ya bar mana manyanmu masu hangen nesa.

Riskuwa ta ɗauko kwandon kifin da ta adana tun damina. Shi ne kaɗai shaidarta, domin Dankure, babban dillalin kifi, ya ce sai ya karya ya sunsuna kafin ya sa masunta su karɓi tandar. Ni na rungumi kwandon a mota. Mai ya ƙare mana a Zauro, maza suka tura, ni da kifi muna ciki kamar amare.

Malamin bita ya fara da cewa kaya ba ya sayuwa a ɓoye, a ajiye shi inda manya za su gani. Riskuwa, ɗaliba mai biyayya, ta dire kwandon a gaban teburin manya.

Can bayan azahar babban baƙon taron, Mai Girma Sarkin Yanka Kirtani, ya iso daga Sakkwato. Ya yi mana huɗuba a kan tsuke bakin aljihu, idonsa na kan kwando. Da ya gama sai ya yi murmushi, ya ce, "Mutanen Kabi, ba ku barin hali. Har da wahalar tsaraba?" Kafin mu ƙifta ido masinja ya kai kwando bayan mota.

Riskuwa ta mintsine ni. "Ke, yi magana mana."

"Ni? Ke ce mai digiri biyu."

Na buɗe baki dai, tari ne ya fito. Wa ya taɓa ƙwace tsaraba a hannun babba? Har tafi muka yi.

Sai ga Dankure yana gyara hula. "Ɗiyata, ina kifin da anka ce?"

"Baba, ya tafi Sakkwato."

"To, hancina bai kai Sakkwato. Ki ƙyafe wani, mu gamu baɗi in muna da rai."

Shekara guda ke nan ta bi ruwa. Muka dawo da takardar shaidar ƙwarewa a kasuwanci, muna dariya har da hawaye, don in ba dariyar ba sai kuka. Maƙwabciyata Inna Laure ta juya takardar, ta ce, "Wagga ana miya da ita?"

An ce bita ta gaba ta masu binciken kiwon shanu ce. Shawarata gare su, su zo da hoto.